Madubin Bindigar Farauta Marar Nauyi Kuma Mai Aminci: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa saɓa bindiga tun da asuba har rana ta take tsaka ya san cewa nauyin da hannu bai ji ba a cikin ɗaki, kafaɗa za ta ba da labarinsa a daji. Shi ya sa maharba da yawa ke neman madubin saiti marar nauyi, kuma suna da gaskiya. Sai dai ni akwai abin da nake sawa gaba da rashin nauyi, wato madubi ya riƙe saitinsa. Inda ka ɗora zare, wato siraran layukan da ke gicciye a cikin madubi, nan harsashi zai sauka, yau da gobe, bayan ruwan sama da ƙura da jijjigar mota. Madubin da ya gaza a nan zai sa ka raunata dabba ta gudu ta je ta mutu a wahale inda ba za ka same ta ba, kuma wannan abu ne da ke ci wa duk maharbin kirki rai. Da wannan ma'auni na amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Mene ne ma'anar lambobin da ke jikin madubi, kamar 3-9x40?

Lambobi biyu na farko ƙarfin jawowa ne. A kan 3, abin da ke nesa zai matso ninki uku. Ka murɗa zoben da ke kusa da ido zuwa 9, sai ya matso ninki tara, wato barewar da ke tsaye a mita 180 za ka gan ta kamar mita 20 ne tsakaninku. Lambar ƙarshe, 40, faɗin gilashin gaba ne da milimita. Idan ka ga 4x32 ko 6x42, lamba ɗaya tak kafin x, to madubin ƙarfi ɗaya gare shi, ba a ƙarawa ba a ragewa.

Nauyi nawa ne za a ce madubi ba shi da nauyi?

Babu wata doka a kai, amma a cikin madubai na farauta duk wanda bai wuce giram 400 ba ana lissafa shi marar nauyi. Swarovski Z3 3-9x36 kusan giram 340 yake, Leupold VX-Freedom 3-9x40 kuma ya ɗara haka da kaɗan. Daga 400 zuwa 600 matsakaici ne. Manyan madubai na harbin nesa irin 5-25x56 masu ƙaton bututu suna kai kilo ɗaya har su wuce.

Kada ka tsaya ga nauyin da aka rubuta a kwali. Zobban da za su riƙe madubin da gindin da za a ɗora su a kai duk kafaɗarka ce za ta ɗauka. Zobban alminiyam masu haɗe da gindinsu ba su kai giram 100 ba, amma zobban baƙin ƙarfe da doguwar reli, wato gindi mai jerin ramuka da zobba ke kamawa, suna iya ninka wannan sau biyu ko uku. Sannan nauyin madubi a saman bindiga yake zaune. Rabin kilo a can sama ya fi rabin kilo a cikin jaka damun mutum, domin bindigar za ta riƙa karkacewa a hannu idan ka riƙe ta a tsakiya, kuma ba za ta hau kafaɗa da sauri ba idan dabba ta zabura.

Ninki nawa nake bukata?

Ƙasa da abin da kake tsammani. A nan ne na fi ganin mutane suna ɗaukar wa kansu nauyin da ba su bukata.

Duk sa'ad da ka ƙara jawowa, filin da idonka ke gani yana tsukewa. Madubi 3-9x40 na yau da kullum yana nuna maka faɗin kimanin mita 11 a nisan mita 100 idan yana kan 3. Ka kai shi 9, faɗin ya koma mita 4 da rabi ko kusa da haka. Yanzu ka ɗauka dabbar a mita 30 take, a cikin sarƙaƙiya, tana tafiya. Na taɓa tsayawa a bayan wani saurayi da ya bar madubinsa a kan 12 tun daga wurin gwaji. Gada ta fito ta tsaya, ya ɗaga bindiga, ina kallon hancin bindigar yana ta lilo dama da hagu yana laluben ta. Da ta shige na tambaye shi me ya gani, ya ce ganye da wani abu ja-ja kamar gashi, bai san kai ne ko cinya ba. Ya kyauta da bai ja kunama ba.

Jawowa mai yawa kuma tana ƙara girman rawar hannunka da bugun zuciyarka yadda take ƙara girman dabba. Rawar tana nan ko a kan 4, amma a kan 14 za ka gan ta ƙuru-ƙuru, zare yana tsalle a jikin dabba, sai ka fara ƙoƙarin fizgar kunama daidai lokacin da zaren ya ratsa wurin da kake so. Harbi mafi muni ke nan. Idan rana ta yi zafi kuma ga kawalwalniya, wadda babban ninki ke mai da ita kamar kana leƙe ta cikin ruwa.

Ga wanda yawancin harbinsa bai wuce mita 100 ba, a kurmi ko daji mai duhuwa, 1-4, 1.5-5 ko 2-7 sun wadatar. Ga farauta ta kowane irin fili har zuwa mita 300, 2.5-8x36, 3-9x40 ko 2-10x42 sun isa, kuma a cikin waɗannan ne marasa nauyi suka fi yawa. Mai harbin ƙananan dabbobi daga nesa, yana zaune da abin jingina bindiga, shi ne ke da hujjar neman 12 ko 16.

Ko wanne ka ɗauka, riƙe wannan ɗabi'ar: idan kana tafiya, bar madubi a kan mafi ƙarancin ninki. Dabbar da ke nesa za ta ba ka lokacin murɗawa sama, ta kusa ba za ta jira ka murɗo ƙasa ba.

Ba babban gilashin gaba ne ke kawo haske ba? Me zai hana in ɗauki 50 ko 56?

Yana kawowa, amma idonka iyaka gare shi. Ɗauki madubi ka miƙa hannu da shi wajen taga, ka dubi gilashin baya daga nesa. Za ka ga wani ɗan da'irar haske a tsakiya. Ta nan duk hoton ke fitowa zuwa idonka, kuma faɗinsa lissafi ne mai sauƙi: raba faɗin gilashin gaba da ninkin da kake kai. Madubi mai 40 a kan 8 yana ba da milimita 5. Mai 36 a kan 6 yana ba da milimita 6. Mai 56 a kan 8 yana ba da 7.

Ƙwayar idon matashi tana buɗewa har kusan milimita 7 a cikin duhu, amma da shekaru suka ja takan tsaya a wajen 5. Duk hasken da ya wuce faɗin ƙwayar idonka a gefe yake zubewa. Saboda haka mai 40 ko 42 da aka sauko da shi zuwa 6 da magariba ya riga ya cika idon yawancin mutane.

Babban gilashi kuma yana zuwa da kayansa. Ban da nauyi, dole a ɗaga madubin sama da dogayen zobba don kada ya taɓa bututun bindiga, daga nan kuncinka ya bar jikin ƙota, kanka yana shawagi a iska kana neman hoto. Maharban Jamus da Austiriya da ke zama a kan dandamali suna dakon aladen daji da farin wata sun daɗe suna amfani da 8x56, kuma ya dace da su, tunda zama suke yi. Mai taka sayyada wuni guda ba shi da wannan bukatar.

To me ke bambanta gilashi mai kyau da marar kyau?

Babban abu shi ne shafin da aka yi wa gilashin. Kowace fuskar gilashi da ba a shafa mata komai ba tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗo mata, kuma a cikin madubi ɗaya akwai gilasai da yawa, kowanne da fuska biyu. Idan ka tara asarar, za ka ga haske mai yawa bai iso ido ba, ya tsaya yana kai-komo a ciki yana dusashe hoto. Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ne ya yi rajistar dabarar shafin da ke rage wannan a 1935. A yau madubai masu kyau suna isar da kashi 90 cikin 100 ko fiye.

Abin dubawa shi ne ko an shafe kowace fuska ta kowane gilashi, shafi a kan shafi, ko kuwa na waje kaɗai aka yi wa. Amma gani ya kori ji. Da rana tsaka kusan kowane madubi kyau yake yi. Gwada shi bayan faɗuwar rana, ka leƙa ƙarƙashin inuwar itace mai duhu ka ga ko za ka iya raba reshe da ƙaho. Ka kuma gwada shi ta ɓangaren da rana ke faɗuwa, ba tare da ka dubi ranar kanta ba ko da wasa, ka ga ko hoton zai yi fari kamar an watsa masa toka.

Bututu mai inci ɗaya ko mai milimita 30?

Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma shi ya fi rashin nauyi. Mai 30 ko 34 ba ya ƙara haske kamar yadda ake yawan faɗa. Abin da yake bayarwa shi ne sarari a ciki, don a iya murɗa saiti sama sosai ga mai harbin nesa. Idan ba za ka wuce mita 300 ba, inci ɗaya ya ishe ka.

Me ke sa madubi ya rasa saitinsa? Marar nauyi bai fi saurin lalacewa ba?

A cikin bututun da kake gani akwai wani ƙaramin bututu mai ɗauke da gilasai. Shi ne maɓallan gyaran saiti biyu, na sama da na gefe, suke turawa, sannan wani sifirin yana danna shi daga ɗaya ɓangaren don ya zauna a jikinsu. Amincin madubi kusan duk a nan yake. Duk lokacin da bindiga ta tashi ta yi shuri baya, ƙaramin bututun nan yana girgiza, kuma dole ya koma daidai inda yake. Idan sifirin ɗin ya yi laushi, ko ba a sassaƙa wuraren haɗuwa da kyau ba, zai koma kusa da wurin ne kawai. Kaucewar da ido ba ya gani a ciki ita ce tafin hannu guda a mita 100.

Rashin nauyi shi kaɗai ba ya kawo wannan. Ta wani ɓangaren ma taimako ne. Idan bindiga ta yi baya da ƙarfi, madubi so yake ya tsaya inda yake, kuma gwargwadon nauyinsa gwargwadon yadda yake fizgar zobba da ƙusoshinsu. Shi ya sa ɗora ƙaton madubi a kan bindiga marar nauyi mai zafin shuri yake yawan kawo zamewa a cikin zobba. Inda ake samun matsala shi ne idan an rage nauyin ta hanyar sirantar da bangon bututu fiye da kima, ko an sa roba a wurin da ya kamata a sa ƙarfe. Nemi wanda aka sassaƙa bututunsa daga alminiyam dunƙule guda, ba gutsattsari da aka haɗa ba.

Ni faɗuwa ce ta koya mini. Na jingina bindiga da itace, ta zame ta kwanta a kan ciyawa, faɗuwar da ba ta kai tsayin ƙugu ba. Na duba madubin, ko ƙwarzane babu, hoto garau. Zuciyata dai ba ta kwanta ba, na fasa farautar yammacin nan. Washegari na kafa takarda a mita 100, harsasai uku suka taru wuri guda, amma tazarar hannu guda hagu da inda na auna. Da dabba ce a gabana, a ciki zan same ta maimakon ƙirji. Tun ranar ba na yarda da madubi don ya yi kyau a ido.

Yaya zan gwada amincinsa kafin in shiga daji da shi?

Ka ware harsasai don wannan aikin, kada ka yi musu rowa. Kafa babbar takarda a mita 100 da ɗigo ɗaya a ƙasa ta hagu. Jingina bindiga a kan buhun yashi, gaba da baya. Harba uku kana auna ɗigon. Murɗa maɓallin sama gwargwadon santimita 10, ka sake harba uku kana auna ɗigon nan dai. Murɗa na gefe zuwa dama santimita 10, harba. Sauko ƙasa 10, harba. Koma hagu 10, harba. Idan madubi na gari ne, za ka ga kusurwa huɗu a takarda, kuma harbin ƙarshe zai faɗa a kan na farko. Bari bututun bindiga ya huce tsakanin harbi, don kada ka ɗora wa madubi laifin zafi.

Bayan wannan akwai gwaji biyu da na fi ba muhimmanci ga mafarauci. Na farko, harba a kan mafi ƙarancin ninki, ka sake harbawa a kan mafi yawa. Wurin saukar harsashi bai kamata ya sauya ba. Na biyu, saka bindigar a jakarta, ka yi tafiya da ita a mota kan hanya mai gargada, ka bar ta ta kwana biyu, ka dawo ka harba ɗaya da bututu mai sanyi. Harsashin farko na bututu mai sanyi shi ne wanda za ka harba wa dabba. Maimaita haka sau uku ko huɗu a cikin makonni. Madubin da ya sa kana taɓa maɓalli duk zuwan da ka yi ba abokin tafiya ba ne.

Wace rata ya kamata ta kasance tsakanin ido da madubi?

Santimita 9 zuwa 10 ga bindigogin farauta irin .308 Winchester da .30-06, kuma kada ka sauka ƙasa da haka ga masu zafin shuri irin .300 Winchester Magnum ko .375 H&H. Idan ratar ta gaza, bakin madubi zai sare ka a gira, kuma ciwon da ya fi tsagar muni shi ne tsoron da zai shige ka, ka riƙa runtse ido kafin bindiga ta tashi. A madubai da yawa ratar tana raguwa idan aka ƙara ninki, don haka a kan mafi yawan ninki ake daidaita ta, cikin rigar da za ka sa a daji. Gwada a tsaye, a zaune, da rub da ciki kana auna tudu, domin a nan ne goshi ya fi matsowa gaba.

Wane irin zaren saiti ya fi?

Wanda idonka zai kama nan take a cikin duhuwa. A 1962 Leupold ya fito da zaren Duplex, mai kauri daga gefuna huɗu, siriri a tsakiya, kuma har yau kusan kowane kamfani yana da irinsa. Kaurin yana jan ido zuwa tsakiya ko da siririn ya ɓace a jikin baƙar dabba. Akwai kuma na Jamusawa mai lamba 4, sanduna uku masu kauri, hagu da dama da ƙasa, sama kuma siriri. Da magariba shi na fi so.

Zare mai ɗige-ɗige da tsani-tsani na harbin nesa yana da amfani ga wanda ya zauna ya koye shi da harsashinsa. Ga sauran mutane cunkoso ne a gaban ido. A nan ma sai an kula da wani abu. A yawancin madubai marasa nauyi zaren girmansa ɗaya ko ka ƙara ninki ko ka rage, wato ɗigogin ƙasa suna yin daidai ne a kan ninki ɗaya kawai, galibi mafi yawa. Akwai waɗanda zarensu ke girma tare da hoto, ɗigoginsu daidai suke a kowane ninki, amma a kan ƙaramin ninki zaren yakan sirance har ya yi wuyar gani, daidai lokacin da ka fi bukatarsa a kurmi.

Jan ɗigo mai haske a tsakiya yana taimakawa da asuba da magariba. Yana ƙara ɗan nauyi, kuma yana cin batir, galibi CR2032. Abin lura shi ne ya iya sauka ƙasa sosai. Ɗigon da ya cika haske yana kashe ido, ya rufe dabbar da kake so ka gani.

MOA ko MRAD? Kuma maɓalli mai murfi ko buɗaɗɗe?

Dukansu ma'aunin kusurwa ne. MOA ɗaya kusan santimita 2.9 ne a mita 100, kuma yawancin madubai suna raba shi huɗu, wato ƙas ɗaya na maɓalli ya ɗara milimita 7 da kaɗan, ƙas 14 su ba ka kusan santimita 10. MRAD ɗaya santimita 10 ne a mita 100, ƙas ɗaya santimita ɗaya cif. Mai lissafi da mita zai fi jin daɗin na biyun.

Game da murfi, ni mai murfi nake zaɓa don farauta. Buɗaɗɗen maɓalli yana iya juyawa idan ya gogi jaka ko reshe ba ka sani ba. Bindigar .308 da aka saita a mita 100, harsashinta yana sauka ƙasa da kusan santimita 10 zuwa 12 a mita 200, abin da za ka gyara da ɗaga zare kaɗan ba tare da taɓa komai ba. Idan lallai kana son buɗaɗɗe, nemi mai makulli.

Ina bukatar maɓalli na uku na gyaran faralaks?

Galibi a'a. Faralaks shi ne ka ga zare yana motsi a jikin abin da ka auna idan ka kaɗa kai alhali bindiga ba ta motsa ba. Yawancin madubai na farauta an tsayar da nasu a wajen yadi 100 ko mita 100, kuma a ninkin da bai wuce 10 ba kuskuren ba ya kai abin damuwa ga babbar dabba, muddin kuncinka na sauka wuri ɗaya. Maɓallin ƙarin nauyi ne da ƙarin abin mantawa.

Zobba da gindi fa, kowanne ya yi?

A'a, ɗan'uwa. Sau da yawa idan mutum ya kawo kukan madubinsa ya ƙi zama, ƙusa ce ta kwance. Duba nan kafin ka zargi gilashi.

Zobe ya zama daidai da kaurin bututu, kuma mafi gajarta da zai bar gilashin gaba bai taɓa bindiga ba, hannun ɗana harsashi kuma ya wuce ba tare da gogar madubi ba. Idan reli za ka sa, ka san cewa Picatinny, wadda sojan Amurka suka tsayar da ma'auninta a 1995, ramukanta sun fi na Weaver faɗi. Zobban Weaver galibi suna hawa Picatinny, amma na Picatinny ba lallai su shiga Weaver ba. Kafin ka ɗaure, tura kowane zobe gaba har haƙorinsa ya dafe bangon rami, tunda can shuri zai tura shi.

Goge maiƙo daga ƙusoshi da ramukansu. Kada zobe ya matse kusa da kumburin tsakiya inda maɓallai suke, ko kusa da zoben ninki. Ɗaurin kuma da ma'auni ake yin sa. Kamfanoni da yawa suna ba da inci-fam 15 zuwa 18 ga ƙusoshin saman zobe, kusan Nm 2, dukansu ma'aunin ƙarfin ɗauri ne, amma bi abin da ke takardar naka. Wannan ɗauri ne mai sauƙi ƙwarai, kuma hannu kan wuce shi ba tare da ya sani ba. Madubi marar nauyi bangonsa ba kauri, idan ka danne shi za ka matse ƙaramin bututun ciki, maɓalli ya fara cijewa, ka ce madubi ne ba kyau. Sukurudireba mai auna ƙarfin ɗauri ta cancanci a mallake ta ko a aro. Ɗaure ƙusoshin bi da bi, kaɗan-kaɗan, ratar gefen zobe ta zama ɗaya hagu da dama, kana duba cewa zaren tsaye yake daidai da bindiga.

Mai ƙarfi ɗaya, kamar 4x32 ko 6x42, ya tsufa ne?

Ko kaɗan. Gilasansa ba su kai na mai murɗawa yawa ba, abubuwan motsi a cikinsa kaɗan ne, ga rashin nauyi, kuma ba za ka taɓa mance shi a kan ninkin da bai dace ba. Mai 4 yana aiki daga kusa har mita 200 da ɗoriya. Illar mai ƙarfi ɗaya a kurmi ce, inda 6 ya yi yawa.

Zan iya ɗora madubin babbar bindiga a kan bindigar iska ko .22?

A kan .22 zai hau, sai dai waɗanda aka yi mata an tsayar da faralaks ɗinsu a wajen yadi 50 zuwa 60, nisan da ake harbin zomo da tsuntsu, don haka sun fi dacewa. Bindigar iska mai sifirin kuwa sai an yi hattara. Shurinta kashi biyu ne, baya sannan gaba, kuma wannan fizgar ta gaba tana iya wargaza madubin da ya jure babbar bindiga. Nemi wanda aka rubuta cewa an yi shi don ita.

Me ke kawo hazo a cikin gilashi, kuma yaya ake kula da shi?

Madubi na gari an zuƙe iskar cikinsa an cika shi da busasshen naitirojin ko argon, an toshe da zobban roba. Idan ka ga raɓa daga ciki, toshiyar ta lalace, sai kamfani. Raɓar waje kuwa daga numfashinka ne ko sauyin sanyi zuwa ɗumi, kuma murfin gilashi mai buɗewa da yatsa yana rage ta.

Wajen gogewa, hure ƙura tukuna ko ka kaɗe ta da burushi mai laushi, sannan ƙyallen gilashi. Bakin riga a kan gilashi mai ƙura kamar yashi ne, yana cin shafin nan da aka sha wahalar yi. Ka kuma daidaita gilashin baya da idonka sau ɗaya: dubi sararin sama ko farin bango ta madubin, kallo na ɗan lokaci kana ɗauke ido, kana juyawa har zare ya fito baƙi ƙirin.

Na hannu fa? Kuma garanti na har abada ba ya wadatar?

Tsohon madubi na kamfanin kirki ya fi sabon da ba a san asalinsa ba, araha ba ta ado. Duba jikin bututu ko akwai lotsawar zobe mai zurfi, haska tocila ta gaba ka nemi ƙura ko tabon ruwa a ciki, murɗa maɓallai ka ji ƙas-ƙas ɗinsu a fili. Jabu ya yi yawa a sunayen manyan kamfanoni, don haka ɗauki lambar jikinsa ka tambayi kamfanin.

Leupold da Vortex suna cikin masu ba da garanti na tsawon rai, kuma abu ne mai kyau. Amma garanti gyara yake yi bayan an lalace. Ba ya dawo maka da tafiyar da ka yi, ba ya warkar da dabbar da aka raunata. Gwajin da na bayyana a sama yana kan wuyanka ko da wace takarda aka ba ka.

Akwai abin da doka ta ce?

Akwai, kuma ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Wasu wurare sun hana madubin ganin dare ko mai gano zafin jiki, wasu sun iyakance sa'o'in harbi, wasu lokutan farauta ma ba a yarda da madubi a kan wasu bindigogi ba. Karanta sharuɗɗan lasisinka kafin ka saya.

Idan madubina yana jawowa sosai, sai na ɗauki madubin hangen nesa na hannu?

Ƙwarai kuwa. Madubin bindiga na auna abin da ka riga ka tabbatar ne. Duk abin da ka leƙa ta cikinsa, bakin bindiga mai harsashi ka nuna masa, kuma motsin da ka gani a cikin ciyawa yana iya zama makiyayi, ko yaro mai itace, ko abokin farautarka da ya zagayo ta wata hanya. Da mai ido biyu ake nema, a gane dabba, a duba abin da ke bayanta, sannan a ɗaga bindiga. Giram 300 ɗin da ka rage da ka bar ƙaton madubi ka ɗauki 3-9x40 ya kusa biyan nauyin ƙaramin mai ido biyu 8x25 ko rabin na 8x32, ka rataya shi a ƙirji inda hannu zai kai gare shi kafin ya kai ga bindiga.